Yadda Ake Yawon Hamadar Arizona Da Motar Kwana

Sau uku ke nan ina raka 'yan uwa mazauna Amurka zuwa hamadar Sonora a kudancin jihar Arizona, kuma duk wanda na ga tafiyarsa ta dagule, tun a wajen hayar mota ta dagule. Motar kwana nake nufi, wadda Amurkawa ke kira RV, mai gado da kicin da banɗaki a cikinta. Mutum ya shiga fili ya ga wata zungureriya kamar luksiri, ya ce ai wannan ce ta dace da iyali. Ni ma haka na yi a tafiyata ta farko, shi ya sa zan fara daga nan.

Kada motarka ta wuce tsawon ƙafa 25, wannan doka ce a wurina. A gandun Organ Pipe Cactus, wanda ke jikin iyakar Mekziko, hanyar da ta fi kowace kyau ita ce Ajo Mountain Drive, zagaye ne na mil 21 a kan tsakuwa, kuma an hana motar da ta haura ƙafa 25 shiga. Na je da mai ƙafa 30 saboda mai ba da haya ya ce bambancin kuɗin kaɗan ne. Mun yi tuƙin kusan awa biyu da rabi daga Tucson, muka isa bakin hanya, na karanta allo, na juya. Yara suna ta tambaya, ni kuwa kunya ta hana ni magana. A gandun Saguaro ma akwai irin wannan iyaka: zagayen kwalta na mil 8 da ke ɓangaren gabas ba ya karɓar abin da ya wuce ƙafa 35, na ɓangaren yamma kuwa hanyar ƙasa ce mai gargada, sai kwanukan kicin sun yi ta kaɗe-kaɗe. Ƙaramar mota ta fi sauƙin mai, ta fi sauƙin ajiyewa, kuma lasisin tuƙinka na yau da kullum ya wadatar. In kun yi yawa, ku ɗauki ƙarama ku haɗa da tanti. Kafin ka sa hannu ka tambayi tsawonta da tsayinta, ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari.

Sai lokaci. Daga Nuwamba zuwa Maris ake zuwa. Wasu namu kan ce ai mun saba da zafin Sakkwato da Agadas. To, zafi a ƙarƙashin darbejiya daban, zafi a cikin akwatin ƙarfe daban. A watan Yuni ma'aunin zafi na haura digiri 40, daga Yuli zuwa Satumba kuma damina ce mai zuwa da ambaliya ba sallama. Busasshiyar ƙorama mai yashi sumul ta fi ko'ina jan hankalin baƙo ya ajiye mota, kuma ita ce wuri mafi hatsari, domin ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa zai iso maka alhali sama garau take a kanka.

Wurin kwana kuma tun kafin ka bar gida za ka kama shi ta intanet, don lokacin sanyi masu gudun ƙanƙara daga arewacin Amurka da Kanada suna cika ko'ina. Cikin gandun Saguaro babu wurin kwanan mota ko ɗaya, mutane da yawa sai sun je suke sani. Masaukin motoci na Gilbert Ray, da ke dab da ɓangaren yamma, yana da wutar lantarki, kuma ni shi na fi so. In za ka can, kada ka bi na'urar nuna hanya ta kai ka Gates Pass, hawa ne mai ƙunci da kwana-kwana. Ka zagaya ta Ajo Way ka shiga Kinney Road. A Organ Pipe kuwa Twin Peaks ne masauki, babu jona wuta, kuma janareta ma yana da sa'o'insa. Mai son araha zai iya kwana kyauta har kwana 14 a wasu filayen gwamnatin tarayya, amma ban ba sabon shiga shawarar haka ba.

Ruwa: tankuna uku ne a motar, na ruwan tsabta, na ruwan wanke-wanke, da na bayan gida. Ka ware galan ɗaya na sha ga kowane mutum a rana, a jarkoki daban. Alwala kuma da buta, a waje. In mutum biyar suka saki famfo sau biyar a yini, kafin kwana biyu tanki ɗaya ya ƙare ɗaya ya cika.

Da ka sauka a masauki za ka ga motoci a jere duk an ɗaga musu bonet da daddare, wasu har da 'yar fitila a ciki. Ba lalacewa suka yi ba. Akwai wani ɓeran daji da ke son duhu da ɗumin inji, yana shiga ya yi sheƙa ya gwaigwaye wayoyi. Kai ma ɗaga naka.

Fita kallo da asuba ake yi ko bayan la'asar, tsakar rana komai ya ɓuya. Sawaro, wanda gandun Saguaro ya ci sunansa, dogon kaktus (tsiron hamada mai ƙaya) mai hannuwa a ɗage, sai ya shekara 50 ko fiye kafin ya fitar da hannu na farko, yana kuma iya kaiwa shekara 150 zuwa 200. Dubi ramukan da ke jikinsa, tsuntsun nan makwaƙwafi ne ya huda, bayan ya tashi wata 'yar mitsitsiyar mujiya ta gaje ɗakin. Kada ka yanka ko ka rubuta suna a jikinsa, laifi ne a dokar jihar. Wanda zai cuce ka shi ne colla, wani kaktus gajere mai gashi-gashi kamar abin wasa. Ka ɗan goge shi gaɓa guda ta manne maka, in ka sa hannu ta koma hannun. Matsefi ake zurawa a ƙarƙashinta a fizge, don haka kowa ya sa ɗaya a aljihu, kuma ban da silifas.

Habalina, mai kama da gadu, garke-garke suke yawo kuma ba sa gani sosai, ka ba su hanya, kada ka bar abinci a waje. Maciji mai kacau-kacau a jela in ka ji ƙararsa ka tsaya cak, ka gano inda yake, ka ja da baya. Kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama ba sai na koya wa Bahaushe ba. In ka kwana biyu ba ka ga komai ba, gidan namun Arizona-Sonora Desert Museum na nan kusa da Gilbert Ray.

A hanyar dawowa daga Organ Pipe akwai shingen jami'an tsaron iyaka, don haka fasfo ko katin zama ya kasance a jikinka, ba a ƙasan akwati ba. Ka juye tankunan datti a wurin da aka tanada, na bayan gida da farko sannan na wanke-wanke don ya ɗauraye tiyo, ka cika mai da gas, ka mayar da mota kafin lokaci don kada su ƙara maka kuɗin kwana guda.