Ciyawar gidan haya a Ingila: sababbin zuwa ku karanta kafin difozit ɗinku ya tafi

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan na waɗanda suka shigo Ingila kwanan nan ne, musamman masu iyali da suka bar zaman ɗaki ɗaya suka kama gida mai ɗan fili a baya. Maganar buɗe asusun banki da rajistar likita da katin bas ba zan tsaya a kansu ba, duk wanda ka tarar a masallaci ranar Juma'a zai nuna maka, mutanenmu Alhamdulillah ba sa rowar irin wannan, wani ma da motarsa zai kai ka. Abin da ba a gaya wa baƙo shi ne maganar ciyawa, kuma duk shekara sai na ga wani ya yi asarar difozit a kanta, wato kuɗin ajiyar da ake bayarwa kafin a shiga gidan haya, yana ta rantse-rantse wai zaluntarsa aka yi.

Kowa yana zuwa da tunanin ai Ingila kullum ruwa ake yi. To ba haka ba ne fa. Landan tana samun kamar milimita 600 ne a shekara, Kano ta fi haka a 'yan watannin damina kawai. Bambancin shi ne nan babu damina babu rani, yayyafi ne ake rarraba shi cikin shekara, kuma yamma irin su Manchesta da Wales sun fi kudu maso gabas samu nesa ba kusa ba. A 2022 watan Yuli ya zo da fari irin wanda Ingila ba ta gani a watan Yuli ba tun 1935, ranar 19 ga watan zafi ya haura digiri 40 karo na farko a tarihin ƙasar, duk filayen shaƙatawa na Landan suka koma kalar tattaka. Shekara na zagayowa, Yulin 2023 ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa. Saboda haka kar wani tsohon zama ya ce maka "ai a wata kaza ake ruwa", shi ma bai sani ba.

Shi ya sa nake cewa ka auna da kanka. Ma'aunin ruwan sama na roba ba shi da tsada, in ma ba ka so ka saya ka samu gwangwani mai miƙaƙƙen baki ka ajiye a tsakiyar fili nesa da katanga da bishiya, ka riƙa tsoma rula da safe kana rubutawa a waya. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Ciyawa tana son kamar milimita 25 a sati lokacin zafi in ana so ta zauna kore. Manhajar Met Office, hukumar yanayi ta ƙasar, tana da kyau wajen hasashe, amma hadarin lokacin zafi yakan sauka a unguwa ɗaya ya tsallake ta kusa da ita, kai kana ganin waya ta ce an yi ruwa alhali filinka ko jiƙa bai yi ba.

In sati biyu uku suka wuce gwangwani a bushe, ciyawa za ta yi ja. Don Allah ka kwantar da hankalinka, ba mutuwa ta yi ba, saiwarta na nan, ruwan Satumba na sauka za ta farfaɗo. Abin yi kawai ka ɗaga wuƙar injin yanka sama, ko ka daina yankan gaba ɗaya, ka hana yara buga ƙwallo a kai. Kar ka jawo tiyo ka kwana kana ban ruwa, in gidan mai mita ne bil ɗin zai sa ka hawaye, in kuma kamfanin ruwa ya sa dokar hana amfani da tiyo to tarar tana iya kaiwa fam 1,000. Thames Water sun sa ta ranar 24 ga Agustan 2022, Yorkshire Water ma sun sa a shekarar sun kuma sake sawa a Yulin 2025. Bokiti ko butar ban ruwa ba a hana ba. Kuma maƙwabcin da yake maka murmushi ta saman shinge shi ne zai buga musu waya. In kuwa shekarar ruwa ce, to aiki ya same ka, yanka kusan duk sati, don in ka bari ta kai gwiwa ka zo ka aske ta lokaci ɗaya ƙasan zai fito rawaya faci-faci.

Yanzu ga inda abin yake ciwo. Ɗauko takardar hayarka ka duba, kusan kowacce akwai layin da ya ce mai haya ne zai kula da gadina, wato filin gidan, ya mayar da ita yadda ya same ta. Mu a gida ciyawa abin nomewa ce ko abincin akuya, nan kuwa kayan lanlod ce, wato mai gidan, lissafinta ɗaya da kafet da firji. Ranar shiga za a ba ka takardar lissafin kayan gida da hotuna, yawancinmu sai mu duba ɗakuna da kicin mu sa hannu, ba mai leƙa baya. Ni gidana na farko na shiga ne lokacin da komai yake kore shar, na fita a ƙarshen Agustan 2022 lokacin da ƙasar ma ta tsattsage, sai ejan, wato wakilin mai gidan, ya jera hoton shiga da hoton fita ya ce na kashe ciyawa, dole a kankare a shimfiɗa sabuwa, ya zabtare wani babban kaso daga difozit ɗina. Na ce masa malam fari aka yi, duk layin haka yake, kai ma a garin nan kake. Ya ce in kawo shaida. Wallahi har yau in na tuna raina sai ya ɓaci, don na bi ta layin bayan wata biyu na hango ciyawar ta dawo kore, ita ce dai, ba wanda ya shimfiɗa komai.

To ku ji yadda dokar take. A Ingila tun 2019 difozit ba ya wuce kuɗin hayar sati biyar ga irin gidajen da muke kamawa, kuma dole lanlod ya yi masa rajista cikin kwana 30 a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, wato DPS da TDS da mydeposits. In aka cire maka abin da ba ka yarda ba kana da damar kai ƙara wajensu kyauta, kuma lanlod ne zai tabbatar da ɓarnar, amma masu yanke hukuncin ba sa zuwa gidan, takarda da hoto kawai suke dubawa. Nan ne ɗan rubutun ruwan saman nan yake amfani. Ka ɗauki hoton filin ranar shiga ta kowace kusurwa, ka riƙa ɗauka duk wata, ka haɗa har da na maƙwabta a ciki a ga duk ja ne, ka ajiye saƙon kamfanin ruwa na dokar tiyo, in fari ya yi tsanani ka tura wa ejan imel kana sanar da shi tun lokacin. Imel fa, ba kiran waya ba, ba kuma "ai mun yi magana da shi, mutumin kirki ne" ba. Wannan kalmar ta cinye kuɗin mutanenmu da yawa.

Sai dai a faɗi gaskiya, wani lokacin mu ne da laifi. Babbar sallah a 'yan shekarun baya ta riƙa faɗowa lokacin zafi, sai ka ga an dasa abin gashin nama kai tsaye a kan ciyawa, an tashi an bar baƙin tabo, wannan ba ruwan da zai gyara shi sai an sake shuka. Ko a yi suna a shimfiɗa darduma da leda a bar su sati guda, ko robar wankan yara ta zauna wuri ɗaya har hutu ya ƙare. Haba jama'a. Taron yana da daɗi, ni ma ina zuwa ina cin tuwo, amma a sa bulo a ƙarƙashin abin gashi mana, a naɗe shimfiɗa kafin a kwanta.

Masu son shuka kuma, kar ka ɗauki fartanya ka kafce filin mutane, ka yi a manyan tukwanen roba. Alayyahu yana yi sosai in ka jira ƙarshen Mayu sanyi ya wuce, tumatir ma haka, kuɓewa dai sai a ɗakin gilashi. Tukunya tana saurin bushewa, ko an yi yayyafi sai ka tsoma yatsa ka ji. A shekarar ruwa irin 2024 kuma dodon koɗi ne zai cinye maka tsiro cikin dare. In kana son fili na gaske ka sa sunanka a layin filayen noma na kansul, wato ƙaramar hukumarku, tun yanzu, a wasu unguwannin Landan jiran shekaru ne. Duron tara ruwan indararo ma yana taimakawa, amma sai an yanka bututun gidan kafin a haɗa shi, saboda haka ka nemi izinin lanlod a rubuce tukuna.