Darasi na Tara: An Sa Sabon SSD, Kwamfuta Ba Ta Gan Shi Ba

Yawancin kwamfutocin tebur da ke shagunan buga takardu na Samaru da Kongo 'yan gwanjo ne, irin su HP da Dell. Maganin nawarsu shi ne a sa musu SSD, wato ma'ajiyar da babu faifai mai juyawa a cikinta. To amma sau da yawa mutum zai sayo shi a Sabon Gari ko PZ, ya ɗaura, ya kunna, ya neme shi ya rasa. Kada ka yi saurin komawa wurin mai kaya da faɗa. Galibi kayan lafiyarsa ƙalau.

Fara da tambayar BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi. Da ka kunna kwamfuta, yi ta danna F10 in HP ce, F2 in Dell ce, wasu kuma Delete. Nemi inda aka jera ma'ajiyoyi. In babu sunan SSD ɗinka a nan, matsalar ta waya ce ko ta kafar da ka soka shi. In yana nan, bar sukundireba ta huta, aikin na cikin Windows ne.

Mu ɗauka babu shi. Kashe kwamfuta, zare wayarta daga soket, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin don 'yar wutar da ke jikinka ta fita kafin ka sa hannu ciki, musamman da hunturu. 'Yar wutar nan da ke tsinkar yatsa in ka taɓa ƙofar mota ta isa ta lalata kaya. SSD mai inci 2.5 waya biyu yake so: siririya mai haƙora 7 da ke zuwa madabod (babban allon da ake soka komai a kansa), da mai faɗi mai haƙora 15 da ke fitowa daga akwatin wuta. Da yawa ɗaya suke sokawa su mance da ɗayar, kuma tunda SSD ba ya ƙara, babu abin da zai nuna musu bai samu wuta ba. Dubi bakin wayar da kyau, za ka ga ya lanƙwasa kamar harafin L, ta fuska ɗaya kawai take shiga. In ta ƙi, juya ta, ban da ƙarfi. Idan duk sun zauna daram amma shiru, canja siririyar waya, ko ka gwada wata kafar.

Mai siffar ɗan sanda kuwa, wanda ake kira M.2, iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowace kafa ce ke karɓar duka biyun ba.

Yanzu ga inda aka fi ruɗewa. BIOS ya gan shi, amma ka buɗe This PC, inda Windows ke nuna ma'ajiyoyi, babu shi. Sabon SSD kamar fili ne da ba a yanka ba, ba a kuma ba shi lamba ba. Danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Disk Management. Zai tambaye ka tsarin da za a yanka ma'ajiyar da shi: MBR ko GPT? Zaɓi GPT. MBR tsohon tsari ne, ba ya iya amfani da abin da ya haura 2TB, Windows 11 ma a kan GPT take zama. Daga nan za ka ga layi mai baƙin kai an rubuta Unallocated. Danna shi da ɓangaren dama na linzami, zaɓi New Simple Volume, ba shi harafi (kamar D ko E), ka bar shi a NTFS, tsarin da Windows ke adana fayiloli da shi.

A nan fa a yi hattara. Kafin ka yi fomat, wato share ma'ajiya a shirya ta sabuwa, karanta girman abin da ka zaɓa sau biyu. In ka kuskure ka zaɓi tsohuwar ma'ajiya, furojet ɗin ɗalibai da takardun jama'a duk sun tafi, kuma “yi haƙuri” ba ta dawo da su.

Za ka ga an rubuta 256GB a kwali, kwamfuta ta nuna kusan 238. Ba cuta ba ce. Kamfani da dubu-dubu yake ƙirga, Windows kuma da 1024. Haka mai 500 zai nuna kusan 465.

In ka zuba Windows a sabon amma har yanzu kwamfuta na jan ƙafa wurin tashi, wataƙila daga tsohon take tashi. Koma BIOS, ka ɗora SSD a saman Boot Order, wato jerin ma'ajiyoyin da kwamfuta ke bi wurin tashi, ka adana kafin ka fita.

Aikin aji: ku zauna bibbiyu a gaban kwamfutar da aka zare wa wuta. Ɗaya ya nuna waya mai haƙora 7 da mai 15, ɗayan ya rubuta a littafinsa inda kowacce ta fito.