Yadda Ake Gane Ko Ƙwayar Cuta Ɗaya Ce Ke Dawo Da Ciwon Mafitsara

Ɗaliban da ke zuwa koyon aiki a ɗakunan gwaji na Kumasi duk hankalinsu na kan injin PCR, mai ninka DNA don a gane ƙwayar cuta, alhali aikin yakan lalace tun kafin a kai can. Abin da ake son sani shi ne: baiwar Allah da ta dawo daga unguwar Aboabo ko Asawase da zafin fitsari karo na uku, ƙwayar farko ce ba ta mutu ba, ko sabuwa ce ta shiga? Likitoci na cewa ciwon mai maimaituwa ne in ya zo sau 2 cikin wata 6, ko sau 3 a shekara, kuma galibi E. coli ce daga hanji.

Ka fara da tambaya: "Hajiya, kin sha wani magani daga kemis?" Da yawa sun riga sun haɗiyi cipro, maganin kashe ƙwayar cuta, sai farantin da aka shuka fitsarin a kai ya fito fayau ka zaci babu cuta. A karɓi tsakiyar fitsari, in zai wuce awa 2 kafin a shuka shi a sa a firji. Ni abincin shuka mai suna CLED nake amfani da shi, don ƙwayar Proteus ba ta malalewa ta rufe farantin. Madaukin mikrolita 1, zafi digiri 37, awa 18 zuwa 24. Tsiro 100 daidai yake da ƙwaya 100,000 a mililita guda. In tsiron rawaya ne, gwajin indol ya nuna, na sitret bai nuna ba, to kusan ka kama E. coli.

Yanzu ga inda ake yin asara. Sakamako na fita, sai a jefa faranti a shara. Wata 4 matar ta dawo, da me za ka gwada sabuwar ƙwayar? Wanda bai adana ta farko ba ya bar maganar nan, komai kyan injinsa. Ka tsinci tsiro 3 zuwa 5, kowanne daban, domin fitsari ɗaya na iya ɗauke da iri biyu. Ka sake shuka kowanne shi kaɗai har ka tabbata babu gauraye, sannan ka zuba a romon shuka mai gilisarin kashi 20 cikin 100, ka kai firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Kwalba biyu-biyu, a firiza biyu. Mun san dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, dare ɗaya ya isa ya cinye aikin shekara. Firizar gida mai narkar da ƙanƙararta da kanta kada ma ka kusance ta. Kada kuma ka ce za ka riƙa mayar da ƙwayar daga faranti zuwa faranti kowane mako don arha: tana iya yar da filasmid, ɗan guntun DNA da ke ɗauke da juriyar magani, ka ƙare da abin da ba shi ne a jikin mara lafiya ba. In ɗakinku ba shi da irin wannan firiza, ku nemi haɗin gwiwa da cibiyar bincike kamar KCCR a jami'ar KNUST ta Kumasi ko Noguchi a Legon, Accra, tun kafin ku karɓi fitsarin farko. A jikin kwalba lamba za ka rubuta, da kwanan wata, da karo na nawa. Sunan mutum amana ne, yana cikin littafin da ake kullewa.

Gwajin jin magani kan abincin shuka na Mueller-Hinton, kaurin ruwan ƙwaya McFarland 0.5, da sananniyar E. coli mai lamba ATCC 25922 a gefe a matsayin ma'auni. Ƙwaya biyu su ƙi jin magani iri ɗaya ba hujja ba ce cewa ɗaya suke.

Wajen gwajin siram, mai rarrabe E. coli ta alamar jikinta da ake kira antijin O, ka dafa ƙwayar awa 1 a digiri 100 don rigarta ta waje, wato K, ta daina rufe antijin ɗin. Ka fara ɗigawa a ruwan gishiri zalla. In ta dunƙule a nan, sakamakonka banza ne. Siram ɗin daga waje ake kawo shi kuma da tsada, don haka ka sayi na waɗanda aka fi samu a fitsari kawai, irin su O1, O2, O4, O6, O25 da O75.

Ciro DNA ba sai da haɗaɗɗun kayan saye (kit) ba, tafasawar minti 10 ta wadatar wa PCR. Hanyar Clermont ta 2000, wadda aka gyara a 2013, ta PCR ce, za ta ba ka dangin da E. coli ɗin ta fito. Na fitsari sun fi faɗawa dangin B2 da D. Kada fimH, sashen gado mai sa ƙwayar manne wa mafitsara, ya ruɗe ka, kusan kowace E. coli na da shi. In ka ga O25 cikin B2, nemi ST131, zuriyar da aka bayyana a 2008, wadda sau da yawa take ɗauke da CTX-M-15, sinadarin da ke lalata wasu magungunan kashe ƙwayar cuta. Sai ERIC-PCR, mai fito da DNA ɗin ƙwaya layi-layi a kan jel: tsohuwa da sabuwa a jel ɗaya, rana ɗaya. In layukan sun bambanta, sabuwar ƙwaya ce. In sun yi daidai, ka rubuta wa likita haka, ya duba tsakuwar ƙoda, ko ragowar fitsari a mafitsara, ko kuwa daga hanjinta take sake hawowa.