Babi na 4: Gatarin Sassaƙar Cokali

Darasi na 1: Zaɓe

In ka shiga kasuwar Kejetia a Kumasi, ko ka je wurin maƙera a unguwar Suame Magazine, kada ka ɗauki gatarin faskare. Wancan na itacen girki ne, ya cika nauyi, bakinsa kuma da kauri. Nemi ƙarami, mai kai kamar giram 600, wato rabin kilo da ɗan ɗori. Ƙota kuwa kada ta kai kamu ɗaya. Ƙota ita ce itacen da ake riƙewa. Girgiza shi. In kan yana rawa, mayar wa mai shi.

Darasi na 2: Rage kaurin baki

Nan ne ake yawan faɗuwa, saboda haka mu bi a hankali. Kafin a ta da injin wasa, ajiye bokitin ruwa kusa da ƙafarka. Ɗora bakin gatari a dutse, ƙirga ɗaya, biyu, uku, ɗaga, tsoma a ruwa. Sake ɗorawa. Ɗaya, biyu, uku, tsoma a ruwa. Madalla, haka ake yi.

Me ya sa? In ƙarfe ya yi zafi har ya koma shuɗi, taurinsa ya tafi, ko ka wasa ba zai riƙe kaifi ba. Taɓa shi da yatsa. Da ɗumi? Tsoma a ruwa. Kana shakka? Tsoma a ruwa. Ruwa bai taɓa ɓata gatari ba.

In da dama kake aiki, gefen hagu na bakin shi ke kwanciya a jikin itace, shi za ka fi shimfiɗewa. Bahago ya juya. Nan ma, uku, sai ruwa.

Makon jiya wani dattijo a ajinmu na Aboabo ya kawo mini nasa, baki shuɗi kamar an fito da shi daga marina. Na ce, Baba, ina bokitin? Wai sauri yake yi. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Kuɗinku ne fa ke ƙonewa, ba nawa ba.

Darasi na 3: Ƙota

Kankare fentin da fasasshiyar kwalba don kada hannu ya yi kanta. Shafa man kaɗe kaɗan.

Darasi na 4: Gwaji

Samo ɗanyen reshen mangwaro, ko itacen sese irin wanda masassaƙan garin Ahwiaa, kusa da Kumasi, ke aiki da shi. Sara ƙasa da inda yatsunka suke.