Lambar sanyi a Kanada da Amurka: yadda ake karanta ta kafin a fita

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram, sanyin da ya sani shi ne na asubar hunturu, digiri 11 ko 12, a duƙunƙune cikin bargo, hantsi ya yi a manta. Duk wannan sama da sifili yake. A Winifeg ta Kanada ko Miniyafolis ta Amurka kuwa, galibin kwanakin Janairu ƙasa da sifili ake wuni a kwana, kuma rana na iya fitowa tarwai alhali sanyin na kashe yatsu. Kada ka leƙa taga ka yanke hukunci, duba lamba.

Fara da harafin da ke gefenta. Kanada na ba da hasashen yanayi da ma'aunin Salshiyas, mai harafin C, inda ruwa ke daskarewa a 0. Amurka na amfani da Faranhait, mai harafin F, inda yake daskarewa a 32. Nan sababbin zuwa ke faɗawa rami: mutum ya ga 20 a waya a Shikago, ya zura 'yar riga ya fita, ashe -7 ne a ma'aunin da ya saba. Sifilin Faranhait kuwa -18 ne, wato sanyin firizar da ake ajiye nama.

Lissafin mayar da Faranhait zuwa Salshiyas shi ne ka cire 32, ka ninka sau 5, ka raba gida 9. Na gaggawa, cire 30 ka raba biyu, amma wannan yana rage wa sanyi ƙarfi idan ya yi tsanani: -20F zai ba ka -25, alhali -29 ne. A -40 ma'aunan biyu suke haɗuwa. Ka kuma tuna cewa ƙasa da sifili lamba mai girma ita ce mafi muni, -25 ya fi -10 cizo.

Ɗalibai za su gamu da ma'auni na uku, Kelbin. Nasa sifilin shi ne ƙarshen sanyi baki ɗaya, -273.15 a Salshiyas, inda motsin ƙwayoyin zarra ke kaiwa matuƙar ƙaranci, shi ya sa ba ya da lambar ƙasa da sifili. Ko a ɗakin bincike kusantarsa ake yi, ba a taɓa kai masa ba. Mafi tsananin sanyin da ma'auni ya nuna a doron ƙasa -89.2 ne a Salshiyas, a tashar Bostok ta Antatika a 1983. Na Kanada -63 ne, a Snag ta yankin Yukon a 1947.

Lambar da ta fi shafar fatarka ita ce ta biyu a hasashen yanayi, ta sanyin iska, wato yadda jiki ke ji idan iska na kaɗawa. Bisa jadawalin hukumar yanayi ta Kanada, daga -28 zuwa -39 fatar da ke buɗe kan daskare cikin minti 10 zuwa 30, daga -40 zuwa -47 kuwa cikin minti 5 zuwa 10. Kunne da hanci da yatsu ke fara daskarewa. Wurin ya yi fari, ya yi tauri, ka daina jinsa. Kada a murza, kada a kara a wuta ko hita, don mataccen wuri ba ya jin ƙuna. A tsoma shi a ruwa mai ɗumi, digiri 37 zuwa 39 na Salshiyas, a nemi asibiti. Bayan alwala a goge fuska da hannu da ƙafa su bushe sarai kafin a sa safa, jiƙaƙƙiyar fata saurin daskarewa take.

Mota kuma, da zarar an doshi -15C, a jona wayar ɗumama injin a wuta awa biyu zuwa huɗu kafin a tayar. Ruwan wanke gilashi a sayi mai rubutun -40, ruwan famfo zalla daskarewa zai yi ya fasa tankin. In za a yi tafiya kada a kashe hitar gida, a bar ta a 13C, wato 55F, in ba haka ba ruwa ya daskare a bututu ya kumbura ya tsage shi.

Kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu, a manta da shi. Gidajen can a toshe suke ruf, iskar gubar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, a barci take kashewa. Ko wuta ta ɗauke, gawayi da janareta a waje suke zama, nesa da taga.