Yadda za ka karanta alƙaluman mutuwar mata wajen haihuwa idan na gida da na Majalisar Ɗinkin Duniya suka sha bamban

Duk wanda ya taɓa rubuta rahoto ko furojet a kan lafiyar mata a Najeriya ya ci karo da wannan matsalar. Ka buɗe binciken NDHS na 2018, wato binciken al'umma da lafiya na Najeriya, ka ga an ce mata 512 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, sai ka buɗe rahoton da WHO, hukumar lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2023 ka ga 1,047 na shekarar 2020, ninki biyu ke nan har da ɗoriya. Daga nan sai gardama ta kaure, wasu su ce gwamnati ke ɓoye gaskiya wasu su ce Turawa ke mana ƙari. To a gaskiya ba wanda ya bi gida gida ya ƙirga duk mamatan, duka biyun ƙiyasi ne, hanyar da aka bi ce daban. Abin da nake so ka iya shi ne bin diddigin kowace lamba kafin ka ɗora ta a takarda ko ka faɗe ta a rediyo.

Fara da tambayar me aka ƙirga. A ma'anar WHO, mutuwar da ake nufi ita ce ta mace mai ciki, ko wadda ta rasu cikin kwana 42 bayan cikin ya ƙare, haihuwa ce ko ɓari, kuma cikin ne ko yadda aka kula da shi ya jawo mutuwar ko ya tsananta ciwon da ya kashe ta. Mai jegon da jini ya ɓalle mata, ko jijjiga ta kama ta, ko zazzaɓi ya ɗauke ta kafin ta yi arba'in, tana ciki. Mai cikin da ta rasu a hatsarin mota ba ta ciki. Amma akwai wani ma'aunin mai faɗi da ke haɗa duk macen da ta rasu a wannan tsakanin ko mene ne sanadi. NDHS 2018 ya ba da duka biyun, 512 na farkon, 556 na mai faɗin. Nan ne mutane da yawa ke zamewa, su ɗauko 545 na 2008 da 576 na 2013 su jera da 512 su ce an samu ci gaba sosai, alhali waɗancan biyun da ma'auni mai faɗi aka yi su, don haka 556 ce abokiyar kwatancensu.

Sai ka duba ta ina aka samo labarin. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke gudanar da NDHS, kuma a 2018 ta yi hira da mata fiye da 41,000 masu shekara 15 zuwa 49. Ma'aikaciya za ta zauna da matar gida ta ce lissafo min duk 'ya'yan da mahaifiyarki ta haifa, wa ke raye wa ya rasu, a wace shekara, yana da shekara nawa. In aka zo kan 'yar'uwar da ta rasu bayan ta kai shekara 12 sai a tambaya, tana da ciki lokacin? Wajen haihuwa ne? Ko tana jego? Dabara ce mai kyau ga ƙasar da ba ta da cikakkiyar rajistar mutuwa, tun wajajen 1989 aka fito da ita bayan an gwada ta a Gambiya. Sai dai ka tuna yadda muke. Ƙaramin ciki ba a faɗa, balle cikin fari da yarinya ke ɓoyewa don kunya, in ta rasu a wata na biyu ko na uku yayarta da ke aure a wani gari ba lallai ta san da ciki ta tafi ba. Wanda aka zubar kuwa ba mai ambatonsa ga baƙuwa mai riƙe da kwamfutar hannu. Ga mantuwar shekaru, ga gidan da ba wata 'yar'uwa da ta rage da za ta ba da labari. Shi ya sa masana suka daɗe suna cewa wannan hanyar ta fi karkata ga ragewa.

Kada kuma ka rubuta cewa 512 ta shekarar 2018 ce. Matsakaicin shekaru bakwai ne kafin binciken, wato wajen 2011 zuwa 2018.

Lambar Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa hukumomi biyar ke haɗuwa su fitar da ita, WHO, UNICEF, UNFPA, Bankin Duniya da sashen ƙididdigar al'umma na Majalisar. Ba sa zuwa ƙauye su yi nasu binciken, bayananmu na gida irin su NDHS ɗin nan suke ɗauka, amma ba 512 ɗin suke kwafa ba. Abin da suke cirowa shi ne kaso nawa na mutuwar mata masu shekara 15 zuwa 49 ke da alaƙa da ciki, domin ko da mutane sun manta wasu mamatan, ana ganin kason bai cika jirkicewa sosai ba (a NDHS 2018 kashi 31 cikin 100 ne). Sai su gyara shi, su zuba shi a wani tsarin lissafi da ke duba arzikin ƙasa, yawan haihuwa, da kason matan da ƙwararru ke karɓar haihuwarsu, sannan su ɗora kason a kan jimillar matan da su suka ƙiyasta sun mutu a shekarar, su raba da yawan haihuwar da su ma suka ƙiyasta. In jimillar tasu ta fi wadda 'yan'uwa suka iya tunawa, dole sakamakon ya haura. Mu kuma ƙidayarmu ta ƙarshe tun 2006 ce, ka ga ita kanta jimillar a kan ƙiyasi take zaune.

Ɗauki kalkuleta ka gani da idonka. Rahoton 2023 ya ce mata 82,000 Najeriya ta rasa a 2020, a cikin 287,000 na duniya baki ɗaya. Raba 82,000 da 1,047 ka ninka da 100,000, za ka samu haihuwa kusan miliyan 7.8. Yanzu ɗora 512 a kan wannan haihuwar, sai ta ba ka wajen 40,000. Wato ko da ƙaramar lambar ce daidai, mata fiye da 100 ke tafiya kullum, in babbar ce sun haura 200. Wallahi ko wacce ka ɗauka abin ya isa ya hana mutum barci.

Abu na gaba da ba na so ka tsallake shi ne tazarar da ke gefen lambar. NDHS ya ce 512 amma tana iya faɗawa tsakanin 447 da 578. Ta 1,047 kuma tsakanin 793 da 1,565, dubi faɗin wannan fa. Duk wanda ya ga an sauka da ɗan kaɗan a cikin irin wannan tazarar ya fara shelar nasara ya yi gaggawa. Haka nan rahotannin Majalisar ba a jera su, 814 na 2015, 917 na 2017, 1,047 na 2020, 993 na 2023, ka ce ya hau ya hau ya sauka. Kowane sabon rahoto yana sake lissafa duk shekarun baya da sababbin bayanai, don haka in tafiyar shekaru kake nema ka ɗauko jerin daga rahoto ɗaya, na baya-bayan nan, wanda ya fito a Afrilun 2025.

Rajistar asibiti ita ma ana kawo ta a gardamar. Tana da amfani ƙwarai wajen sanin me ya kashe matar da inda aka yi jinkiri, shi ne aikin kwamitocin MPDSR masu bin diddigin mutuwar mata da jarirai wajen haihuwa, amma ba ta ba ka lambar ƙasa. A NDHS 2018 kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai aka yi a asibiti, a Arewa maso Yamma wajen kashi 16. Wadda ta rasu a ɗaki da asuba kafin azahar an kai ta makwancinta, ba takardar shaida ba komai. Babban asibiti kuma sai abin ya gagara ake kawo masa, lambarsa sai ta yi sama fiye da ta gari.

To wacce za ka yi amfani da ita? In kwatanta Najeriya da Nijar ko Chadi za ka yi, ko auna nisanmu da burin SDG (muradun ci gaba mai ɗorewa na duniya) na ƙasa da 70 nan da 2030, ɗauki ta Majalisar, don sikeli ɗaya aka auna kowa da shi. In maganar tsarin cikin gida ce ɗauki ta NDHS ka faɗi shekarun da ta shafa. In kuma jiharka kake rubutu a kai, kada ka liƙa mata ko ɗaya, duka biyun na ƙasa ne gaba ɗaya, sun haɗa Legas da Zamfara. Nemi binciken da aka yi a yankin, kamar wanda aka wallafa a 2017 a kan karkarar Jigawa da wannan hanyar ta tambayar 'yan'uwa, ya samu 1,012. A jimlar da ka sa lambar, rubuta wanda ya fitar da ita, shekarun da ta shafa, ma'aunin da aka bi da kuma tazararta.