Yadda Ake Hawa Mashigin Stelvio da Keke

Mashigin Stelvio, wato hanyar da take haurawa ta ƙetare tsauni, yana arewacin Italiya, cikin tsaunukan Alps, dab da iyakar ƙasar da Suwizalan, kuma ƙololuwarsa tana mita 2,757 sama da matakin teku. A duk mashigan Alps da aka shimfiɗa wa kwalta, na Iseran da ke Faransa ne kaɗai ya fi shi tsawo, shi ma da 'yan mitoci kawai. Daular Austriya ce ta gina hanyar tsakanin 1820 da 1825 bisa tsarin injiniya Carlo Donegani, domin ta haɗa yankin Lombardiya da sauran ƙasashen da take mulki, kuma kasancewar an tsara ta ne domin keken doki ya sa hawan bai cika tsananin da ya fi ƙarfin mutum ba, sai dai yana da tsawo, kuma ba ya sassautawa. Duk wanda ya saba tuƙa keke na sa'o'i uku ko huɗu a jere zai iya kai wa ƙololuwa. Abin da yake kayar da mutane a wannan hanya shi ne kashe ƙarfi tun daga ƙasa, da kuma rashin shiri domin saukowa.

Hanyoyi uku ne suke kai wa mashigin, kuma ya kamata a zaɓi ɗaya tun kafin a nemi masauki, domin tsakanin garuruwan da ake tashi daga cikinsu akwai dutsen kansa. Ta gabas ana tashi daga Prato allo Stelvio, wanda mazauna yankin masu magana da Jamusanci suke kira Prad, a yi tafiyar kilomita 24 da ɗoriya ana hawan kimanin mita 1,800, matsakaicin tsananin hawan kuwa ya ɗan haura kashi 7 cikin 100, wato hawan mita 7 a kowace mita 100 ta tafiya. Wannan ce hanyar da take da kwanoni 48 masu lamba. Ta ɓangaren Bormio tafiyar ta fi gajarta, kimanin kilomita 21 da rabi da hawan mita 1,500 da 'yan kai, kuma tana bi ta kwarin Braulio inda hanya take ratsa wasu ƙananan ramuka da aka fafe cikin dutse, masu ƙunci da duhu. Ta uku tana tasowa daga Santa Maria a Suwizalan, ta bi mashigin Umbrail, sannan ta haɗu da hanyar Bormio saura kimanin kilomita 3 a kai ƙololuwa. Wanda yake da damar hawa sau ɗaya tak, a ganina ya ɗauki hanyar Prato, domin ita ce ta fi wuya, ita ce kuma ta sa sunan mashigin ya karaɗe duniya, kuma a kanta mafi yawan bayanin nan zai tsaya.

Dusar ƙanƙara tana rufe hanyar tsawon hunturu, yawanci ana buɗe ta daga ƙarshen Mayu ko farkon Yuni zuwa wajen ƙarshen Oktoba, amma ranar buɗewa da ta rufewa suna sauyawa kowace shekara, saboda haka sai an bincika kafin a kama hanya. Ko a tsakiyar bazara ƙanƙara tana iya zuba a sama. Gasar tseren keke ta Giro d'Italia, wadda aka saba yi a watan Mayu, ta sha fama da wannan, har aka soke zangon da zai bi ta nan a 2013 saboda dusar ƙanƙara. Watannin Yuli da Agusta sun fi ɗumi, amma a lokacin ne babura da motocin 'yan yawon buɗe ido suke cika hanyar, musamman Asabar da Lahadi. Farkon Satumba, a ranar aiki, ya fi daɗi. Akwai kuma rana guda a ƙarshen bazara da ake hana motoci bin hanyar domin masu keke, wadda take jawo dubban mutane, kuma ta dace da wanda motoci suke firgita shi, ko da yake cinkoson masu keke wajen saukowa shi ma yana da nasa haɗari. Kowace rana aka zaɓa, a tashi da sassafe, domin a tsaunukan nan hadari da tsawa sun fi taruwa bayan tsakar rana, kuma ba a son su riski mutum a saman da babu bishiya ko mafaka.

Batun keke ba shi da tsawo. Nauyinsa bai kai giyarsa muhimmanci ba. Mai hawa wanda ba ɗan tsere ba yana bukatar ƙaramin faifan gaba mai haƙora 34 da babban faifan baya mai haƙora 32 ko 34, domin ya iya juya feda cikin sauƙi a inda hawa ya kai kashi 9 ko 10 bayan ya riga ya gaji. Babu abin kunya a giya mai sauƙi, kuma gwiwa ce take biyan kuɗin girman kai. A duba robar birki ko farantinsa, a tabbatar tayoyi ba su ci ba, a ɗauki tiyub da famfo. Wanda ya yi hayar keke a Bormio ko Prato ya gwada ya ga wane hannu ne yake kama birkin gaba, domin a Italiya yawanci hagu ne, a wasu ƙasashe kamar Ingila kuwa dama ne, kuma ba a tsakiyar kwana ake son gano wannan ba. Dokar hanya ta Italiya ta wajabta wa mai keke sa riga mai ƙyalli a cikin ramukan hanya, kuma fitilar gaba da ta baya wajibi ne ga mai bin ɓangaren Bormio.

Tufafi kuwa sun cancanci a tsaya a kansu. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau, wato tsakanin Prato da ƙololuwa za a iya samun bambancin digiri 12, kafin ma a lissafa iskar da take kaɗawa a sama. Mutum yakan isa jiƙe da gumi, ya tsaya, sannan ya kama gangara ta kusan sa'a guda ba tare da ya motsa ƙafa sosai ba, kuma a nan ne yatsu suke sanƙarewa har su kasa matsa birki yadda ya kamata. Saboda haka rigar kare iska da ruwa, da safar hannu mai rufe yatsu, da abin rufe hannuwa da gwiwa, duk a cusa su a aljihun riga ko ƙaramar jaka ko da rana tana ƙwallewa a ƙasa. A tsaya cak a sa su kafin a fara sauka. A gasar Giro ta 2020, wadda aka yi a Oktoba, duniya ta kalli ɗan tsere Jai Hindley yana kokawa da rigarsa a kan keke dab da ƙololuwar nan har ya kusa faɗuwa, kuma shi yana da dalilin ƙin tsayawa, wanda mai hawa domin nishaɗi ba shi da shi.

Daga Prato, wanda yake kimanin mita 900, hanya tana bin gefen rafi cikin kwari, kuma kilomita na farko-farko suna da sauƙi, wajen kashi 5 cikin 100. Nan ne tarkon yake. Jiki sabo ne, iska tana da kauri, wasu masu keke suna wucewa da gudu, zuciya kuma tana raya wa mutum cewa ya bi su. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne magana: idan ba za ka iya furta cikakkiyar jimla ba sai numfashi ya yanke, to ka wuce gona da iri, ka sauya giya ka rage. Mai na'urar auna bugun zuciya ko ƙarfin feda ya tsaya ƙasa da abin da ya saba riƙewa na sa'a guda, domin aikin nan na sa'o'i biyu zuwa uku ne ga yawancin mutane. Lissafin yana da sauƙi: wanda yake hawan mita 600 a sa'a zai ɗauki sa'o'i uku, wanda yake hawan 900 kuwa sa'o'i biyu.

Bayan ƙauyen Gomagoi ake fara ganin allunan kwanoni, kuma ana ƙirga su ne daga 48 zuwa 1. Kada lambobin su ruɗe ka, domin ba a raba su daidai a kan hanya ba: na ƙasa suna da nisa da juna, na sama kuwa a cunkushe suke, kuma an riga an ci kilomita da dama kafin a ga na farko. Trafoi, wajen mita 1,500, shi ne ƙauye na ƙarshe, kuma nan ne ya dace a cika gorunan ruwa. Daga nan hawan yana tsananta, da wuya ya sauko ƙasa da kashi 8, yana nannaɗewa cikin dajin bishiyoyi inda ba a ganin ƙololuwa, sai dai ƙanƙarar tsaunin Ortler, mai tsawon mita 3,905, tana leƙowa ta gefen hagu. Mutane da yawa sun fi jin wuyar wannan yanki a kan na sama, domin gajiya ta fara shiga kuma ido bai ga ƙarshe ba.

Akwai dabara a shan kwana. A Italiya ana tuƙi ne a hannun dama, saboda haka a kwanar da ta juya hagu kana gefen waje, inda hanya ta fi shimfiɗuwa, kuma nan ne wurin sassauta ƙafa, shan ruwa, ko miƙewa daga sirdi na ɗan lokaci domin baya ya huta. A kwanar da ta juya dama kuwa kana gefen ciki, inda hawan ya fi tsanani, sai a sauya giya kafin a shiga, a ɗan faɗaɗa cikin layinka idan babu mota a baya. Kada a tsallaka zuwa layin masu saukowa, domin manyan motocin haya suna cinye faɗin hanya gaba ɗaya a kwana, kuma masu babur sukan fito ba zato.

Abinci a fara shi tun kafin a ji yunwa. Jiki yana ƙona sukarin da ya tanada da sauri a irin wannan aiki, kuma idan ya ƙare ƙafa takan mutu farat ɗaya, babu kuma ƙarfin zuciyar da zai dawo da ita. Abin da aka saba ba da shawara shi ne kimanin giram 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace sa'a, a rarraba shi ƙanana-ƙanana, tare da kimanin rabin lita na ruwa ko fiye idan ana zafi. A sama sanyi yakan ɓoye ƙishirwa alhali busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi, saboda haka a riƙa sha bisa agogo.

A Franzenshöhe, kusa da kwana ta 22, wajen mita 2,200, daji ya riga ya ƙare, kwarin ya buɗe, kuma sai ga sauran hanyar gaba ɗaya a jikin dutse, kwana bisa kwana da katangunsu na duwatsu, har zuwa gine-ginen da suke ƙololuwa. Ana ganinsu kamar kusa, amma saura kusan kilomita 7 da hawan fiye da mita 500. Akwai otal a nan ga wanda yake bukatar hutawa, sai dai doguwar tsayawa tana sanyaya ƙafa. Daga nan tsawo yake fara karɓar harajinsa. A ƙololuwa matsin iska bai kai kashi uku cikin huɗu na wanda yake bakin teku ba, wato kowane numfashi yana kawo oksijin kaɗan, kuma ƙarfin da mutum yake iya riƙewa yana raguwa ko da bai yi kuskuren komai ba. Maganin shi ne a yarda da raguwar, a koma giya mafi sauƙi, a raba aikin daga wannan kwanar hanya zuwa ta gaba. Ciwon kai mai tsanani, jiri, ko tashin zuciya alamu ne na a tsaya, idan kuma ba su lafa ba a sauka. Mai ciwon zuciya ko na huhu ya nemi shawarar likita tun kafin tafiyar. Kwana ɗaya ko biyu a Bormio ko Trafoi kafin ranar hawa suna taimakawa.

A hanyar nan ta Prato ne ɗan tseren Italiya Fausto Coppi ya tsere wa abokin hamayyarsa Hugo Koblet a 1953, shekarar farko da Giro ta bi ta Stelvio, ya ƙwace jagoranci ya kuma lashe gasar karo na biyar. Tun 1965 ake kiran wuri mafi tsawo a kowace Giro da sunan Cima Coppi, kuma akwai abin tunawa da shi a saman mashigin, tsakanin shaguna da rumfunan abinci da tarin babura.

Saukowa ita ce rabin aikin da aka fi rainawa. A riƙe ƙasan ƙahon keke domin yatsu su kama birki da ƙarfi, a rage gudu a miƙaƙƙiyar hanya kafin kwana, a saki birki a hankali yayin juyawa, fedar waje tana ƙasa da nauyin jiki a kanta, ido kuma yana kallon mafitar kwanar. Matsa birki kaɗan-kaɗan ba tare da saki ba yana tara zafi, wanda a keke mai birkin gefen ƙafa yake iya fasa tiyub, a mai faranti kuwa yake rage kamun birki, saboda haka gara a matsa sosai a saki, kuma a tsaya lokaci-lokaci domin hannu ya huta. Ruwan ƙanƙara da ya narke yakan ratsa hanya, tsakuwa kuma takan zubo daga sama. Lambar gaggawa ita ce 112.

Wanda ba ya son sauka ta kwanoni 48 ɗin yana iya zagayawa. Sai ya gangara kimanin kilomita 3 ta ɓangaren Bormio, ya karya dama zuwa Umbrail, mai tsawon kusan mita 2,500, ya sauka Santa Maria, ya bi kwarin Müstair ya sake shiga Italiya, ya wuce tsohon garin Glorenza mai ganuwa, ya dawo Prato. Zagayen gaba ɗaya ya ɗan haura kilomita 60, kuma motoci sun fi ƙaranci a gangaren Umbrail, ko da yake tana da ƙunci da tsanani a wasu wurare. Tun da za a tsallaka iyaka sau biyu, a ɗauki fasfo, a kuma tuna cewa kuɗin Suwizalan faran ne, kuma kamfanin waya yana iya cajin kira da intanet a can da farashi daban da na Tarayyar Turai.